Shekarar da Na Ƙi Yi wa Yaya Shaida

Na san abin da ake faɗa a kaina a gidan Yaya Sule, na kuma san ya iso kunnuwanku, ku 'ya'yanmu, tun kuna ƙanana, domin yaro sai a yi ta kiransa bai ji ba, amma raɗa ba ta wuce shi. Ana cewa ni na tare wa yayana aikinsa na ƙarshe har ya bar duniya bai ga fitarsa ba. Wannan gaskiya ne, ban ɗauki alƙalami don in musa ba. Abin da ba a faɗa shi ne yadda aka yi aka kai ga haka. Tun da gemuna ya gama fari, gwiwoyina kuma sun fara yi mini gardama a kan sallaya, gara ku ji daga bakina tun ina da bakin faɗa.

Mu biyu ne maza a ɗakin Iya, shi babba ni ƙarami. Shi mai baki ne, ni mai hannu. Ya koyar da Hausa a sakandare har ya yi ritaya, ni kuwa da gyaran rediyo na fara a wani ɗan shago kusa da tasha a nan Haɗeja, da zamani ya juya na juya da shi na koma gyaran kwamfuta. Ni na fara nuna masa inda ake kunna ta, yana tsaye can nesa kamar za ta cije shi. Kafin 'yan shekaru ya wuce ni fintinkau a fannin manhaja, har ya zama in na maƙale shi nake kira, ya zo yana yi mini dariya yana cewa makaniki ya kasa tada motarsa.

A lokacin muna cikin wata ƙungiya ta 'yan sa-kai, mutane warwatse a garuruwa, yawancinmu ba mu taɓa haɗa ido ba sai ta intanet. Aikinmu shi ne mu tattara manhajojin kyauta, mu gyara su su iya Hausa, mu naɗe kowace a ƙunshinta, mu ajiye a wani wuri da muke kira rumbu. Duk kwamfutar da aka haɗa da rumbun nan, ko tana shagon buga takardu a Birniwa ko a ofishin makaranta a Kafin Hausa, da zarar ta samu intanet sai ta leƙa da kanta, in an sa sabon ƙunshi ta ɗauka ta ɗora, mai ita bai ma sani ba. Daɗin abin ke nan, haɗarinsa ma ke nan. Akwai shekarar da wani daga cikinmu ya yi gaggawa ya jefa gyara a rumbu bai gwada ba, aka wayi gari injinan buga takardu sun ƙi aiki a shaguna barkatai, ana tsakiyar buga tambayoyin jarrabawa. Mun sha zagi a makon nan, kuma mun cancanta.

Daga nan aka kafa doka, Yaya ne kuma ya tsara ta. Aka raba rumbu biyu, rumbun gwaji da babban rumbu. Duk sabon ƙunshi sai ya fara kwana a rumbun gwaji aƙalla mako guda, sai kuma mutum biyu, ban da mai shi, sun ɗora a kwamfutocinsu sun tabbatar yana aiki, sannan ya wuce babban rumbu inda jama'a ke ɗiba. In kuwa mutum ɗaya tak ya ce ya ga matsala, to ƙunshi ya tsaya ke nan sai an gyara, a sake lissafi daga farko. Babu wanda ya ja da wannan. Inda aka ja shi ne abin da za a rubuta a kan madannin da mai gwaji zai danna. Yawancin mutane sun ce a sa "Ya yi" kawai. Yaya ya ƙi.

"Bahaushe ka ba shi miya babu gishiri ka tambaye shi, cewa zai yi ta yi," in ji shi. "Kara ce za ta kashe mu. Ku rubuta 'Na shaida', mu ga wanda zai danna da wasa."

Haka aka rubuta, ɗaya madannin kuma aka sa masa "Ban shaida ba". Kuma dabarar ta ci. Mutumin da zai ce maka ya yi don kada ka ji kunya, in ya ga kalmar shaida sai yatsansa ya tsaya, ya tuna akwai ranar da za a tambaye shi. Ni ne na fi kowa yawan gwaji, saboda shagona cike yake da tsofaffin kwamfutoci masu tari da atishawa. Har matar Yaya, Falmata, wadda ni da ita kullum cikin tsokanar juna muke kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanin mijinta, ta raɗa mini suna Malam Na-shaida. In na shiga gidansu ta kawo fura sai ta ce in ɗanɗana tukuna, in na shaida sannan a ba maigida.

Babban burin Yaya shi ne kwamfuta ta yi magana da Hausa, ka rubuta ta karanta a fili, domin wanda bai yi boko ba da wanda ido ya gaza masa, irin Iya, da a lokacin sai dai ta gane mu da takun ƙafa. Da muryarsa ya gina ta. Ya jingina katifu a bangon ƙuryar ɗakinsa don kada ƙara ta shiga, ya yi ta karanta jimloli yana naɗa, shekara da shekaru. Falmata ke gadin tsakar gida, ta kori zakara, ta tare mai tallar gyaɗa tun daga zaure. Ba sunan kifin da bai karanta ba, tarwaɗa da karfasa da gargaza da kurungu, wai kada na'ura ta je fadama ta kasa kiran abin da ake ci. Duk wanda ya san Yaya ya san muryar nan, mai kauri ce, ba ta gaggawa, kamar kullum ya gama cin abinci ne yana ba ka labari. Yana dab da kammalawa ciwon ƙoda ya kama shi. Ƙafafu suka kumbura, ido ya fara hazo, zaman awa guda gaban kwamfuta ya zama masa aiki. Da ƙarfin hali ya haɗa muryar cikin sabon ƙunshin rubutun Hausa ya tura rumbun gwaji. Ya ce mini ba ya roƙon komai sai ta fita, a ɗora shi a mota a kai shi wani shagon ƙauye, ya zauna a benci ya ga fuskar manomi lokacin da na'ura ke karanta masa takardarsa.

Shekarar ta zo da ruwa mai yawa. Kogi ya cika ya tumbatsa, samari na ta cika buhuna da ƙasa suna ƙara wa jinga tsayi, shinkafar fadama ta nutse sai kawunanta. Wuta ta ɗauke a garuruwa da dama, masu gwajinmu na wannan yanki duk suka yi shiru, kowa na ta kansa. Wani ɗan ƙungiya a Kano ya ɗora a sabuwar kwamfutarsa, ta yi magana tsaf, ya danna shaida har da addu'a. Saura mutum ɗaya. Na ɗora a kwamfutar da nake aiki da ita, ita ma ta yi lafiya lau, na zauna ina jin yayana yana karanta mini rasit ɗin shago kamar huɗuba. Da na danna a ranar, da babu wanda zai ce na yi ƙarya. Amma na san yawancin shagunan ƙauyukanmu ba irin wannan suke da ita ba, tsofaffi ne da aka yi gwanjonsu, kuma nawa tsofaffin ruwa ya shiga shago ya jiƙa su. Mafi kusa da na sani ita ce ta Malam Ado, mai shagon buga takardu a Auyo, wanda ya saba ba ni aron tasa in yi gwaji. Na hau babur har inda hanya ta yanke, na shiga kwale-kwale muna ratsa ciyawar kachalla, ƙunshin yana aljihuna a ɗan filashi da na ƙulle a leda.

Malam Ado ya tada janareta, na kwafe takardunsa gefe kamar yadda na saba, sannan na ɗora. Muryar ta fito. Mutanen da ke zaune a rumfar shagon suka taso suka cika ƙofa, wani tsoho ya leƙa bayan kwamfutar yana neman mai maganar. Na ji ƙwalla ta cika mini ido, na ce a raina ga abin da Yaya ke son gani. Sai Malam Ado ya buɗe wani katin gayyata da zai buga wa wani, ya gyara sunan waliyyi, ya adana, ya sake buɗewa. Ya matso da fuskarsa ya ce, Malam Habu, mene ne kuma aurin aure? Na duba. Ɗaurin aure ya zama aurin aure, Haɗeja ta zama Haeja, ango Ɗanladi ya koma anladi. Duk harafi mai ƙugiya ya ɓace, ƙ da ɗ da ɓ, babu ko alamar inda suka zauna. Mutanen ƙofa suka fashe da dariya. Na gwada wata takardar, na sake gwada wata, duk wadda aka buɗe aka adana haka take komawa, kuma ko an cire sabon ƙunshin haruffan ba sa dawowa. A cikin kwamfutar nan akwai takardun jinginar gonaki da na rabon gado da mutane suka ba shi ajiya shekaru. Irinta kuma suna nan da yawa daga nan har Birniwa, kuma ba kowa ke da mai kwafe masa takardu gefe ba.

Daga bakin ruwa gidan Yaya na wuce, wandona bai ko bushe ba. Yana kishingiɗe a tsakar gida, Iya na gefensa da carbi, Falmata na tankaɗe. Na faɗa masa komai ban rage ba. Ya ce laifin tsofaffin na'urorin ne, ƙaramin abu ne, a bari ta fita a gyara a ƙunshi na gaba. Na ce kafin na gaba ya zo takardun mutane sun lalace, abin da ya shiga babban rumbu kuma ba a iya bin sa gida-gida a karɓo. Ya ce shi ba shi da idon da zai bi layukan manhajar nan yanzu, kuma na san ba shi da lokacin. Wannan ne karo na farko da ya ambaci lokaci a gabanmu. Iya ta juyo inda take jin muryata.

"Habu, wane irin abu ne wannan da ba za ka yi wa ɗan'uwanka ba? Ba dannawa kawai za ka yi ba?"

"Iya, abin da aka rubuta a wurin, 'Na shaida' ne."

Carbin ya tsaya a hannunta. "Au, shaida ce?"

Ba ta sake cewa in danna ba. Falmata ce ta ajiye rariya ta kawo wata hanya, kuma ba zan ɓoye muku ba, hanyar ta yi mini daɗi a kunne. Ta ce ba wanda ya ce in yi ƙarya. In yi shiru kawai, kada in danna ko ɗaya. Ruwa zai janye, wuta ta dawo, wani mai sabuwar kwamfuta ya gwada ya shaida da gaskiyarsa, ƙunshi ya wuce, hannuna babu ciki. Na kalli Yaya, ya kau da kai yana kallon bango. Shi ya rubuta dokar, ya fi ni sanin amsar, amma bai ce komai ba, kuma ban taɓa ganin laifinsa a kan shirun nan ba. Mutum ne da ya ga ƙarshen hanyarsa yana son ya ɗan tsaya a inuwar abin da ya shuka. Iya ce ta yi magana, a hankali, kamar da carbinta take yi. Ta ce ita dai a karatun da aka yi mata, wanda ya gani ya ɓoye shi ma yana da nasa kason.

Washegari da hantsi na je inda ake samun intanet na danna "Ban shaida ba", na rubuta abin da na gani da irin kwamfutar da na gani a kai. Na roƙi duk mai iko ya taimaka da gyara, na ce mai aikin ba shi da lafiya. Ni kaina na zauna a kan matsalar har idona ya yi ja, amma ni mai sukurudireba ne, ba mai rubuta manhaja ba, abin ya fi ƙarfina. Waɗanda suka iya kuma kowa da aikin da yake ci da shi, sai ƙarshen mako suke leƙowa. Aka yi gyara na farko, na koma Auyo a kwale-kwale, ɗ ta dawo, ƙ ba ta dawo ba. Na sake danna abin da na danna. Wannan na biyun ya fi na farko ciwo, don a lokacin Yaya ya daina fitowa tsakar gida.

Kullum ina zuwa gaishe shi, ba a taɓa hana ni shiga ba. Falmata na amsa gaisuwata cikakkiya, ta kawo mini ruwa a kofin baƙi, kuma tun daga ranar ba ta sake kirana da sunan tsokana ba har yau. Yaya bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Mukan yi maganar ruwa, da farashin shinkafa, da wanda ya rasu a unguwa. Hirar da muka saba, wadda mukan manta da abinci a kanta, ita ce ta mutu. Ranar da na gan shi na ƙarshe da hankalinsa, bayan la'asar ne, na gyara masa matashi zan fita sai ya riƙe bakin rigata.

"Tana nan a rumbun gwaji?"

"Tana nan, Yaya."

"To."

Ya saki rigar. Ku Hausawa ne, kun san "to" fuskokinta da yawa. Akwai ta yarda, akwai ta haƙuri, akwai ta na ji amma ban manta ba. Na juya wannan "to" ɗin a kaina fiye da yadda na juya kowace magana a rayuwata. Wata rana in ji kamar cewa yake na yi daidai, haka ya koya mini. Wata rana in ji kamar mutum ne ya rufe ƙofa a hankali don kada ta yi ƙara. Muryarsa ta riga ta yi rauni a ranar, ban iya tantance karinta ba, kuma bai ƙara wata kalma a kai ba.

Gyaran da ya yi aiki ya zo bayan an share makokin Yaya, daga hannun wani ɗan ƙungiya da ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ruwa ya janye, na je Auyo a babur har ƙofar shago. Na buɗe takardu na adana, na buɗe na adana, ƙugiyoyi suna nan daram. Na danna "Na shaida" a kwamfutar Malam Ado, na fita bayan shagon na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Ƙunshin ya cika makonsa kamar kowane ƙunshi, wani ma ya shaida, ya wuce babban rumbu da sunan Yaya a kai. Takardar kowa ba ta lalace ba, saboda haka babu wanda ya san an tsare masa wani abu, babu kuma wanda ya zo ya ce an gode. Haka aikin gwaji yake, in ka yi shi da kyau ba a ganin komai. Ba na nadamar abin da na danna, in aka mayar da ni ranar shi zan sake dannawa. Amma kada wani ya ce muku gaskiya kyauta ce. Ni na biya da hirar yayana ta ƙarshe, shi kuma ya biya da bencin da bai zauna a kai ba.

Yanzu muryar ta bazu. Nakan shiga kasuwar Kafin Hausa in ji shi daga wani shago yana karanta wa wata tsohuwa takardar asibiti, a nutse, ba ya gaggawa, sai in tsaya kamar mai duba kaya har ya gama. Masu shagon ba su san ko wane ne ba, "Malam" kawai suke ce masa. Iya ta rayu ta ji shi, takan sa a rubuta mata sunayen jikokinta ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Ni dai kewarsa ba ta ragu ba, jin muryar ma ƙara ta yake yi, domin tana nan kusa da kunnena amma ba ta san ni ba.

Ke Bilkisu a cikinku, kin tuna ranar da kika same ni zaune gaban kwamfuta na yi tagumi, kika ce tunda duk abin da aka rubuta yake faɗa, in rubuta "Na yafe maka, Habu" in ji da kunnena in huta. Na ce miki a'a ban ba ki dalili ba, kika fita kina ganin taurin kai ne irin na tsofaffi. Ba taurin kai ba ne. Sau da yawa na ɗora yatsuna a kan haruffan nan. Amma in na rubuta, ni na faɗa, ba shi ba, kuma ba zan sa wa yayana magana a baki ba alhali ba ya nan balle ya gyara mini. Abin da ya bar mini "to" ne, da ita zan je in same shi in tambaya.

Abin da nake rubutawa guda ɗaya ne, wanda na tabbata da yana raye zai faɗa mini ko yana fushi ko ba ya yi. Da safe in na buɗe shago na share ƙura, sai in rubuta sallama in danna. Ya ce assalamu alaikum, da muryar nan tasa mai kauri. Ni kuma in amsa masa, cikakkiya, har wa barakatuhu.